Koren Gidan Malam Mato

Halilu ɗan Ƙonni ya yi shekaru a bakin teku yana koya wa kwamfuta gani. Aikinsa ke nan, kuma ya iya shi, har ake ce masa Dokta. A Senegal ya yi karatun, can inda teku ke cin gari sannu a hankali, bana katanga, baɗi ɗaki. Yakan tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi, wanda bai fi faifai faɗi ba, ya bi gaɓa da shi yana ɗaukar hotuna, ya dawo ya zuba wa kwamfuta. Ita kuwa an riga an nuna mata dubban hotunan gaɓar da ta zabtare da wadda ta tsaya, har ta san tsaga tun tana siririya, ta san inda ruwa ya rarake ƙasa ta ƙarƙashi. Sai ta fitar da taswira mai launi: ja inda ya kamata a tashi, kore inda za a iya zama. To, wannan mutumin da ya koya wa ƙarfe ganin abin da ido ke tsallakewa, shi ne bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar surukarsa ba. A riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Da ya dawo gida ya auri Zahara'u, malamar lakwal, wato makarantar boko, 'yar Malam Mato na Tungar Dogo, wani ƙauye da ke gabas da Tsarnawa. Babu teku a Tungar Dogo, amma akwai ƙorama, kuma ba ta gaza teku mugunta ba. Da rani hanya ce ta rairayi, amalanken jaki ke bi ta cikinta. Da damina kuwa takan taho a fusace, ta yi kwana ɗaya tana ruri, ta wuce, a wayi gari an rasa garka ko makewayi. Gidaje da dama sun zauna a bakinta tun kakanni, lokacin da mutum ke iya tsallake ta da ƙafa.

Saboda haka da wani puroje, wato shirin taimako, ya haɗa kai da meri, ofishin magajin gari, aka samo filaye a kan tudu da buhunan simintin Malbaza, sai aka nemi Halilu. Filayen ba su kai yawan gidajen ba. Aka ce taswirarsa za ta raba gardama: wanda ya fito ja ya samu fili, wanda ya fito kore ya yi haƙuri.

Tashin irin wannan jirgi kusa da iyaka ba wasa ba ne a wannan zamani. Da ƙyar aka samu izini, shi ma na safiya ɗaya, da jandarma biyu zaune a inuwa suna kallo. Mai gari kuma ya kafa nasa sharaɗin, wanda ya fi na hukuma tsauri: jirgin da ke bin gaɓa dole ya ga tsakar gidan mutane, don haka sai an yi shela. Aka yi ta da lasifikar masallaci bayan asuba, cewa mata su kintsa ko su shige ɗaki har jirgi ya sauka. Kowa ya ji, ban da Inna, matar Malam Mato, wadda kunnenta ɗaya ya daɗe da ajiye aiki.

Halilu na tsaye a bakin kasuwa da ɗan allon da ke nuna abin da jirgin ke gani a hannu, maza sun yi masa rumfa da kawunansu. A kafaɗarsa ta dama akwai Jibo, mai awon filaye na meri, abokinsa tun lakwal, wanda bakinsa ba ya hutu. Jirgi na tafe ƙasa-ƙasa, gida bayan gida, tsakar gidaje fayau ba kowa sai kaji. Can sai ga darbejiyar da Halilu ya sani, ga rumbu mai sabon jinka.

"A'aha!" in ji Jibo. "Ga mu bisa gidan surukai. Dokta, tsayawa mukai mu gaishe su, ko wucewa?"

Maza suka kwashe da dariya, suka ƙara matsowa. A daidai nan Inna ta shigo cikin allon. Tana zaune a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta tsefe furfurarta tana jiran mai kitso. Hannun Halilu ya riga tunaninsa. Ya karkatar da jirgin ya yi tsakiyar ƙorama da shi, allo ya cika da rairayi, bai dawo da shi gaɓa ba sai a kan gidan maƙwabci. Jibo ya ce kunya ta kama jirgi, aka sake dariya, aka wuce wurin. Kafin hantsi ya yi zafi batir ya ƙare, jandarma suka miƙe suka kaɗe wandunansu.

Har zuwa nan ban ga laifinsa ba, kuma duk ɗan halak haka zai yi. Laifin a buro ya faru, wato ofishinsa da ke Ƙonni, cikin sanyin fanka, ba mai leƙa kafaɗarsa. Hotuna kaɗan ne suka kama Inna, ya goge su yana kau da kai. Da kwamfuta ta gama aikinta, taswira ta fito tsaf, ja a nan, kore a can, sai gida ɗaya da ta bari da launin toka, wato wurin da ba ta gani ba. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Halilu ya zauna yana kallon tokar nan, yana hango ranar da za a baje taswira gaban magajin gari da dattawa, wani ya sa yatsa ya ce wannan fa? Me zai ce? Ya ce ya ga surukarsa kai ba ɗankwali? A gaban mijinta?

Akwai wani maɓalli da ke cike giɓi da abin da ke gefensa. Gidan dama kore ne, gidan hagu kore ne, dukansu a kan marmara suke zaune. Ya gaya wa kansa ai dutsen da ya riƙe maƙwabta shi ya ratsa ta ƙarƙashin na tsakiya. Ya gaya wa kansa zai nemi sabon izini ya koma. Ya danna, tokar ta zama kore. Izinin kuwa ya rubuta neman sa sau ɗaya, da aka yi shiru shi ma ya yi shiru.

Aka kafa taswira a zauren mai gari. Waɗanda suka fito ja ba su yi murna kamar yadda puroje ya zata ba. Wa ke son barin ɗakin da aka binne cibiyarsa, ya koma tudu inda ba inuwa kuma rijiya da nisa? Suka tashi dai suna gunaguni, wasu ma ba su kwashe rufin tsofaffin ɗakunansu ba, wai ko a dawo. Amma sun tashi, domin jirgin surukin Malam Mato ya faɗa.

Jibo ne ya kawo masa sauran labarin, yana murna kamar ya zo da albishir. Ashe mai gari ya dubi shekarun Malam Mato da kusancin gidansa da gaɓa, ya ce ko kore ko ba kore ba a ba shi fili ɗaya da ya rage. Tsohon ya miƙe a gaban jama'a ya ƙi.

"Ka san mi yac ce?" in ji Jibo. "Yac ce, in na amshi hilin ga na maida ɗana maƙaryaci. A ba Tanimun, shi ad da iyali da yawa. Wallahi Dokta, ka yi sa'ar suruki."

Halilu ya ce haka ne, ya yi sa'a. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya ci gaba da lallashin zuciyarsa da zancen dutse. Sai ga Zahara'u da ciki, na fari, kuma haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina. Ba sai an gaya wa kowa ba, haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, goyon ciki da wankan jego duk a hannun uwa. Malam Mato ya sa aka buga tubali, ya gina wa 'yarsa sabon ɗaki a bayan gida, ta wajen ƙorama, wai nan iska ta fi kaɗawa.

Zahara'u ta je ta gano ɗakin ta dawo tana zuba labari. Tana cikin ninke kayan jariri ta tuntsire da dariya.

"Dokta, ashe Inna ta ga jirginka ranar nan."

Ya ce, "Ta gani?"

"Ta gani mana. Tac ce tana ɗaga kai tag ga abu bisanta, kahin ta rarumi zane ya juya ya tahi abinai. Dut matan unguwa ta hwaɗa musu. Wai ita surukinta har jirginai kunya gare shi. Yanzu in ka ji tana yabonka sai ka ce kai ta haihwa ba ni ba."

Ya yi murmushin da ya ga ya kamata. Yabon nan ya fi zagi ciwo, kuma ba wanda zai kai wa ƙara.

Ya fara kewaye-kewaye, irin na mutumin da ke son a fahimce shi ba tare da ya faɗa ba. Ya ce asibitin Ƙonni ya fi kusa da taimako. Zahara'u ta ce ungozomar Tungar Dogo ita ta karɓi haihuwarta, ga ta nan da ranta, in kuma abu ya yi wuya ai akwai mota. Ya ce hanya kan yanke da damina. Ta dube shi ta ce in kewarta yake ji ya faɗa kawai. Da wannan ta ƙi, sai ya bi hanyar da aka saba, domin suruki ba ya tunkarar suruki da magana mai nauyi, aike ake yi. Ya aiki Jibo, amma da rabin saƙo: wai a duba ko mai jego za ta fi jin daɗin ɗakin da ke kusa da zaure. Jibo ya tafi, ya sha fura, ya dawo da ƙwan zabi cikin ƙwarya da gaisuwa mai yawa. An ce a gaya wa Dokta kada ya damu, an shafe ɗakin da siminti, ko sauro ba zai samu wurin maƙalewa ba.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Cikin Zahara'u ya tsufa, ranar kai ta gida ta zo. Halilu ya tuƙa motar puroje yana jin kamar shi ake kaiwa wani wuri. A ƙofar gida mata suka tarbe ta da guɗa, suka shige da ita. Shi ya tuɓe takalmi ya durƙusa a zaure, ya gaida Inna ta bayan katanga kamar kullum, ita ma ta amsa ba ta fito ba. Aka ce Malam na gona.

Maimakon ya nufi gonar, sai ya zaga ta mashigar shanu ya gangara cikin ƙorama. Rairayin na da danshi, ruwan farko ya bar kumfa busasshe da karare a gefe. Ya bi gindin gaɓa da ƙafa, abin da ya kamata ya yi tun watannin baya, wanda ba ya bukatar izinin kowa. Ya san da haka tun farko. Tsoron abin da zai gani ne ya hana shi.

Ƙarƙashin gidan dama, marmara ce ja, tauri kamar ƙarfe. Ya ƙara gaba kaɗan, dutsen ya nutse cikin ƙasa ya ɓace, bai sake fitowa ba sai a ƙarƙashin gidan hagu. Tsakaninsu jar ƙasa ce mai gari. Ruwa ya rarake ta ya yi kogo, har wata akuya da 'ya'yanta sun samu inuwa a ciki. Saiwoyin darbejiya na reto a sarari. Ya sunkuya ya shiga, ya ɗaga kai, ƙasa ta zubo masa a fuska. Ta saman kansa yana jin muryoyin mata da dariyar Zahara'u, suna shimfiɗa mata gado a sabon ɗaki. Ya dafa bangon kogon, guntu ya ɓalle a hannunsa. Da kwamfutarsa ta ga wannan wuri, da ja ɗin da za ta shafa masa ya fi na kowane gida a garin.

Ya iske Malam Mato a gona yana bin layin gero yana cike gurbin da bai tsiro ba. Tsoho ne siriri mai ɗan gemu, ba ya gaggawar magana. Halilu ya durƙusa a kan kunya, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, bai tashi ba.

"Lahiya dai, ɗana?"

"Baba, magana gare ni, kuma ba ta aike ba ce."

Ya faɗa, idonsa a ƙasa. Bai ambaci ɗankwali ba, ya ce dai jirgi ya iske Inna a tsakar gida ya kauce. Ya faɗi tokar, ya faɗi maɓallin, ya faɗi kogon. Da ya gama, tsohon ya jingina da sungumi ya dubi gari.

"Wato koren nan, ba jirgi yag gane shi ba."

"A'a, Baba. Ni na sa shi."

"To ja ɗin hwa? Na mutanen da sunka tashi. Shi ma kai kas sa shi?"

"A'a, wallahi. Wannan gaskiya ta. Dut inda yaf hito ja, ja na."

Malam Mato ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai ce kaico ba, kuma Halilu ya so a ce ya ɗaga sungumin nan ya buga masa. Ya ce gobe da safe zai je meri ya faɗi abin da ya yi, a gyara taswira, a nemo wa Baba fili ko ta halin ƙaƙa.

"Ba ka zuwa," in ji tsohon.

"Baba..."

"Ka san mutanen ga kuwa? Suna bisa tudu, zuciyarsu na bakin ƙorama. Dalili ɗai suka nema. Ran da anka ce taswira ta yi kure wuri guda, kahin la'asar sun ɗauko tabarminsu sun koma, da mata da ƙananan ɗiya. Kuma kai kac ce ja ɗin gaskiya na. To bar shi shi tsaya." Ya ɗebi iri a ƙoƙo ya jefa a rami ya take da diddige. "Ɗiyar nan da uwatta, ka koma da su Ƙonni yau. Ni ka hwaɗa musu, ba kai ba. In ce likita yac ce a zauna kusa da asibiti."

"Kai hwa, Baba? Ka taho mu tahi."

"In rufe gida in bi ku, mi gari za shi ce? Zaure na bakin hanya, nan nika kwana. In ta zo ta ɗauki abin da taka ɗauka."

Halilu ya yi musu, amma musun bai yi ƙarfi ba, kuma ya sani. Can ƙarƙashin kunyar da ta rufe shi, wani abu ya saki a ƙirjinsa: ba zai tsaya gaban magajin gari ba, sunansa ba zai ɓaci ba, puroje ba zai ji ba. Sauƙi ya ji, sauƙi na gaske, a gaban tsohon da zai kwana a bakin rami saboda shi. Wannan sauƙin ne bai taɓa yafe wa kansa ba.

Inna ta yi ta mita a mota har Ƙonni, wai wane irin zamani ne wannan da uwa ke bin 'ya gidan miji wankan jego. Ta zauna a baya ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma ya karkatar da madubi don kada idonsu ya haɗu. Zahara'u ta dube shi sau biyu.

Daga ranar Halilu ya zama mai duban sama. Hadari ya haɗu a gabas, ya hau addu'ar ya watse. Hadari ya watse, ya yi hamdala, sannan ya tuna manoma na roƙon ruwan, ya ji kunyar hamdalar. Kullum sai ya kira Jibo da wani dalili na ƙarya don ya ji ko an yi ruwa ta wajen Tsarnawa. Zahara'u ta sauka lafiya, namiji. Ana cikin barka, kwana uku da haihuwa, sama ta buɗe tun asuba ba ta rufe ba sai hantsi.

Wayar Jibo ta shigo ruwan bai gama ɗaukewa ba.

"Dokta, kada hankalinka shi tashi, Malam na nan da rai. Amma bayan gida ya tahi. Sabon ɗaki, da ɗakin Inna, da rumbu, dut suna cikin ƙorama."

Sai washegari hanya ta buɗe. Kafin ya isa, motar meri da ta puroje sun riga shi, domin gidan da taswira ta ce kore ne ya rufta, dole a ji dalili. Ya sauko daga mota ya kutsa cikin taro da niyyar faɗa, wannan karon da gaske, ya ma shirya kalmomin tun daga Ƙonni. Gidan ya tsaya a rabi. Daga ƙofar zaure ana hango ƙorama kai tsaye, darbejiya ta kwanta a ciki, ƙafar gadon da aka shimfiɗa wa Zahara'u ta leƙo daga laka.

Malam Mato na zaune a kan buzu, mutane kewaye da shi, yana ba da bayani a natse. Ashe an ma kusa gamawa.

"Na hwaɗa muku, laihina na. Da za ni gina ɗakin nan, ƙyuya tah hana ni zuwa nesa. Nan gindin gaɓa na riƙa ɗibar ƙasa da sassahe, ina buga tubali. Jirgi ya wuce da daɗewa sannan na yi ginar. Ina jirgi za shi san abin da tsoho ka yi bayan ya tahi?"

Halilu ya san tubalin nan daga tafkin yamma aka kwaso shi da amalanke. Mai amalanken ma yana cikin taron, ya buɗe baki, tsohon ya dube shi, ya rufe. Ba wanda zai ƙaryata dattijo a kan laifin da ya ɗora wa kansa. Wani sa'ansa ya tafa hannu ya ce, "Haba Mato! Da girmanka? Ka yi gina ƙarƙashin gidanka?" Mai gari ya girgiza kai. Mutumin puroje ya rufe jakarsa, ya ce cikin ladabi taimakonsu na wanda ruwa ya ci ne, ba na wanda ya jawo wa kansa ba. Sannan ya juyo ya kama hannun Halilu, ya ce a duba, gidaje huɗu cikin waɗanda aka shafa wa ja sun tafi a ruwan nan, ba a rasa ko kaza ba. Aiki ya yi kyau.

Halilu ya dubi surukinsa. Tsohon bai dube shi ba, yana kaɗe ƙasa daga gefen buzu. Kalmomin da ya shirya suna nan a bakinsa, ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa mutumin puroje madalla.

Ran suna gidan Halilu ya cika. Mutanen Tungar Dogo suka zo mota guda, Malam Mato a cikinsu da babbar rigarsa ɗaya da ta tsira don a zaure take rataye. Aka raɗa suna, aka yi fatiha, aka raba goro da dabino. Da ciki ya ɗauka sai wasa ya tashi, kuma kowa ya san wa za a taɓa.

"Malam Mato, in za ka gina ma jikanka ɗaki, don Allah a sanar da mu mu kawo ƙasa!"

"A ɓoye mishi dagi dai, kada shi gano gindin katangar Dokta!"

Aka yi ta dariya, tsohon ya fi kowa, har yana share ido da gefen rawani. Halilu na zagawa da tiren dabino. Wani baƙo daga wajen Illela ya riƙe shi, ya ce su ma ƙorama ta dame su, yaushe zai kawo musu jirgin nan da ba ya kure? Kafin ya samu abin faɗa, Malam Mato ya amsa daga inda yake zaune.

"Ku kira shi. Aikinai na da kyau."

Da la'asar tsohon ya ce zai koma, gero na son noma, kuma ba a barin zaure ba kowa. Ya ƙi motar puroje, ya ce ɗan kabu-kabu ya ishe shi. Halilu ya raka shi bakin titi. Nan ya durƙusa a cikin ƙura, ya kama gefen rigar.

"Baba, ni..."

"Tashi," in ji Malam Mato a hankali. "Mutane na kallo. Uban ɗa ba shi yin wagga huska ran suna."

Ya tashi. Tsohon ya tattare riga ya hau bayan babur, ya rungume ƙullin naman suna a cinya, suka bi hanyar Tsarnawa. Halilu ya tsaya har suka sha kwana. Daga cikin gida maroƙi ya hango shi, ya ɗaga murya yana kiran sunansa da na ubansa, yana cewa ga mai ido a sama, ga wanda ya tsamo gari daga bakin ruwa. Ya share fuska da hannun riga, ya koma ciki, domin akwai baƙin da ba a sallama ba.